Ɗan ƙanwata ba ya riƙe abin da aka koya masa, ita kuma ta sake ɗaukar ciki ba ta bar giya ba

Wata baiwar Allah ta rubuto tana tambaya: "Likita, ina riƙon ɗan ƙanwata, shekararsa bakwai. Lokacin da take da cikinsa tana shan giya sosai a ɓoye, ba mu sani ba sai daga baya. Yaron ƙarami ne a jiki, ba ya zama wuri ɗaya, abin da aka koya masa yau gobe ya manta. Malamansa sun ce taurin kai ne. Na yi faɗa, na yi duka, ba abin da ya canza. Yanzu kuma uwarsa tana da cikin wata uku, ta ce ta rage, ɗan kaɗan take sha a ƙarshen mako. Shin giyar ce ta yi wa yaron haka? Kuma ɗan kaɗan ɗin nan zai cutar da na cikin?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Yara biyu kika kawo mini a wasiƙa ɗaya, kuma zan fara da wanda ba a haifa ba, domin shi ne wanda kowane mako ke da muhimmanci a kansa.

Babu wani adadin giya da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan tayi. Babu watan da za a ce a cikinsa an tsira. Babu kuma nau'in giyar da ya fi wani sauƙi: ta kwalba, ta gwangwani, ruwan inabi mai sa maye, mai zafi da ake sha a ƙaramin kofi, ko wadda aka dafa a gida, sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne, bambancin kawai ƙarfi. Don haka amsar tambayarki ta biyu ita ce ƙanwarki ta daina gaba ɗaya. Kuma lokaci bai ƙure ba. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana ginuwa tun daga makonnin farko har ranar haihuwa, kuma a watanni ukun ƙarshe ne take girma da sauri sosai. Macen da ta bar giya a wata na uku ta tsare wa ɗanta wata shida cur na wannan ginin. An daɗe da ganin cewa jariran matan da suka daina a tsakiyar ciki sun fi na waɗanda suka ci gaba nauyi da faɗin kewayen kai.

Amma akwai gargaɗin da nake so ki riƙe da hannu biyu kafin ki je wurinta. Idan ƙanwarki ta kai matsayin da jikinta ya dogara da giya, wato in ta kwana ba ta sha ba hannunta na rawa, gumi na keto mata, zuciyarta na bugawa, ga tashin zuciya da rashin barci, to kada ta yanke lokaci guda ita kaɗai a gida. Yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana iya kawo jijjiga da ruɗewar hankali, har ya kai ga rasa rai, kuma mai ciki rai biyu take ɗauke da su. Irin wannan a asibiti ake raba ta da ita, a ƙarƙashin kulawa, da maganin da ke kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki da kuma bitamin B1. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a ƙa'idojin da ta fitar a 2014 kan kula da masu ciki da ke shan giya ko ƙwayoyi. Kada kuma wani ya sayo mata maganin hana shan giya daga kanti. Akwai irinsu da ba a ba mai ciki.

Sai batun "ɗan kaɗan". Kalmar nan na sha jin ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma da wuya ta zo daidai da abin da mai faɗinta ke nufi. Abin da masana ke kira sha ɗaya ƙarami ne ƙwarai: giram 10 na tsantsar barasa a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, giram 14 a lissafin Amurka. Babbar kwalbar giya guda tana iya zama sha biyu. Macen da ta sha huɗu ko fiye a zama ɗaya, ta shiga abin da muke kira shan ɗibar karan mahaukaciya, kuma shi ne mafi haɗari ga ɗan tayi, domin abin da ya fi yi wa ƙwaƙwalwarsa illa shi ne yadda barasar ke hauhawa ta kai ƙololuwa a jini. Wadda ta ƙaurace kwana shida ta zo ta rama a daren Asabar, tana ganin ta rage, alhali salon da ya fi muni ta ɗauka. Shi ya sa maganar ƙarshen mako da ƙanwarki ta yi ba ta kwantar mini da hankali ba.

Bari in bayyana miki abin da ke faruwa a ciki, don in kin fahimta za ki fi iya yi mata bayani. Mutane da yawa suna ɗauka mabiyiya tamkar rariya ce, tana tace duk abin da uwa ta ci ko ta sha kafin ya kai ga ɗa. Tana tare wasu abubuwan, amma barasa ratsa ta take yi kamar ba komai a wurin. Ba da jimawa ba bayan uwa ta sha, yawan barasar da ke jinin ɗan tayi yakan kusan kai na jininta. Ita uwa tana da hanta cikakkiya da ke narkar da ita. Shi kuwa hantarsa ba ta nuna ba, ba ta da ƙarfin wannan aiki, sai ya jira jikin uwar ya kwashe masa. Ƙari a kan haka, barasar tana taruwa a ruwan da yake kwance a ciki, shi kuma yana haɗiyar ruwan nan yana fitar da shi yana sake haɗiya. Uwa ta wartsake ta ci gaba da harkokinta, shi bai gama da ita ba.

Aikin da barasa ke ɓatawa aiki ne mai tsari sosai. Ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa ana ƙirƙirar su a wuri ɗaya, sannan kowace ta yi tafiya zuwa inda aka tanadar mata, ta miƙa rassa ta haɗu da 'yan'uwanta. Barasa tana kashe wasu, tana ɓatar da wasu a hanya, tana hana wasu haɗuwa yadda ya kamata. Wuraren da aka fi ganin tabon su ne gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya mai kula da daidaiton motsi, da sashen da ke ajiye abin da aka koya, da sashen goshi wanda ke tsara aiki da taka wa mutum birki. Ki riƙe waɗannan biyun na ƙarshe, za mu dawo kansu idan mun zo kan yaronki. Bayan ƙwaƙwalwa, giya tana ƙara haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da mutuwar ɗa a ciki, da nakasa a zuciya, ƙoda, ido ko kunne.

Fuska kuwa tana da nata lokacin, kuma da wuri yake zuwa. Wajen mako na uku bayan shigar ciki ake aza harsashin tsakiyar fuska, daidai lokacin da mace ke fara cewa al'adarta ta ɗan yi jinkiri. Wata masaniya a Amurka, Kathleen Sulik, ta nuna haka a 1981 da gwajin ɓeraye: barasar yini ɗaya a wannan gaɓar ta isa ta sauya fasalin fuskar 'ya'yansu. Wannan ne dalilin da ya sa shawarar ba ta tsaya ga masu ciki kaɗai ba. Kusan rabin cikin da ake ɗauka a duniya ba a shirya masa ba. Duk macen da ke shan giya kuma tana iya ɗaukar ciki, ɗayan biyu ne ya kamace ta: ko ta bar giyar, ko ta yi amfani da ingantacciyar hanyar tazarar haihuwa har sai ta bari.

Za ki iya jin wata ta ce, ai wance ta sha har ta haihu, ɗanta lafiya lau. Gaskiya ne, ba kowane ɗan da aka sha giya da cikinsa ke fitowa da larura ba, kuma bai dace mu ɓoye wannan don tsoratar da mutane ba. Abin ya danganta da yawan sha, da lokacin da aka sha, da irin halittar uwa da ta ɗa, da ingancin abincinta, da ko tana haɗawa da taba. Har tagwayen da ba na ƙwai ɗaya ba, ciki ɗaya, giya ɗaya, an ga ɗaya ya fi ɗaya shan wahala. Matsalar ita ce babu awon da zai gaya wa mace tun farko a wane layi ɗanta zai faɗa. Game da ƙanwarki kuma muna da abin da ya fi zato: idan har ta tabbata giya ta taɓa ɗanta na fari, to na cikin nan yana cikin haɗari babba, domin an lura cewa matuƙar uwa ta ci gaba da sha, ƙannen sukan fi yayyen jin jiki, yayin da shekarunta ke ƙaruwa kuma shan ke daɗa kama ta.

Wannan ilimin ma bai daɗe a hannun likitoci ba, ina faɗa ne don kada a ɗora wa iyaye mata laifin duniya. A 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na Faransa, Paul Lemoine, ya wallafa bayanin yara 127 da iyayensu mata ke shan giya, ya nuna kamannin da suka yi tarayya a kai. Kusan ba wanda ya saurare shi. Sai a 1973 Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washington da ke Seattle suka wallafa nasu binciken a mujallar Lancet, suka raɗa wa larurar sunan Turanci da ake taƙaitawa da FAS, wato larurar barasa ta ɗan tayi. A shekarun nan ma akwai asibitocin da ke ɗura wa mai ciki barasa ta jijiya don tsayar da naƙudar da ta zo kafin lokaci. Babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi ga masu ciki a 1981, dokar sa gargaɗi a jikin kwalba ta biyo baya a 1988. Faransa ta wajabta nata gargaɗin a 2007. Birtaniya kuwa sai a 2016 manyan likitocinta suka daidaita a kan cewa mafi aminci shi ne kada a sha ko kaɗan. Daga baya an gane cewa FAS ƙarshen layi ne kawai, wato mafi tsananin nau'i, kuma akwai yara masu yawa da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu alhali fuskarsu ba ta nuna komai ba. Shi ne aka haɗa duka a ƙarƙashin suna ɗaya, FASD, ma'ana jerin larurorin da barasa ke jawo wa ɗan tayi, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Kuma ba abu ne da ba a cika gani ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 a duniya tana shan giya da ciki, kuma ana haifar jarirai wajen 119,000 duk shekara da nau'in nan mafi tsanani. Idan aka haɗa duka nau'o'in, ƙiyasin ya kai kusan yara 8 cikin 1,000, Afirka ta Kudu ce a sama da fiye da 100 cikin 1,000. A Amurka, da aka bi 'yan aji ɗaya na firamare a yankuna huɗu aka duba su ɗaya bayan ɗaya, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna tsakanin 1 zuwa 5 cikin 100, kuma kusan dukansu ba a taɓa gano larurar tasu ba kafin wannan binciken. Suna zaune a aji ana kiransu marasa ji.

Yanzu ga yaronki. Ba zan iya cewa daga wasiƙa giya ce ta yi masa haka ba, kuma duk wanda ya yanke miki hukunci bai ga yaron ba, bai yi miki adalci ba. Abin da kika lissafa, ƙanƙantar jiki, rashin natsuwa, mantuwa, tare da tabbacin an sha giya sosai da cikinsa, ya isa a duba shi da wannan tunanin. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da larurar. Abin da muke yi shi ne mu auna tsawo da nauyi da kewayen kai, mu kwatanta da na sa'anninsa. Sannan mu dubi abu uku a fuska: mu sa ɗan ƙaramin ma'auni mu auna faɗin buɗewar ido daga kusurwa zuwa kusurwa, mu dubi ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓen sama ko ya shafe ya zama sumul, mu dubi leɓen saman ko ya yi siriri. Akwai jerin hotuna biyar da muke riƙewa kusa da fuskar yaro don kwatantawa, kuma sai ya saki fuska, domin murmushi kaɗai yana shafe kwarin ya sirantar da leɓen. Ina roƙonki kada ki je ki tsura wa yaron ido kina neman waɗannan alamu. Yawancin masu larurar ba su da su, wasu kuma masu lafiya haka Allah ya yi fuskarsu. Babban aikin yana wurin gwajin ƙwaƙwalwa: riƙe abu, fahimtar magana, lissafi, tsara aiki, mu'amala da mutane. A lokaci guda dole a duba jinsa da ganinsa, a duba ƙarancin jini, a tambayi ko uwar ta sha wasu magunguna da cikinsa, irin wasu na farfaɗiya, a kuma yi la'akari da abin da ya gani na tashin hankali kafin ya zo hannunki, don duk waɗannan suna iya kawo irin wannan hali ko su ƙara shi. Ki nemi likitan yara, ki gaya masa maganar giyar ƙarara. Idan aka ɓoye masa wannan, zai yi ta lalube a duhu.

Akwai wani yaro da aka taɓa kawo mini, sa'an naki. Na ce masa ya ɗauki biro a kan tebur, ya kai wa mai riƙonsa, sannan ya rufe ƙofa. Na ce ya maimaita abin da na faɗa. Ya maimaita tsaf, kalma bayan kalma, yana murmushi. Na ce to bismilla. Ya miƙe ya nufi ƙofa ya rufe, ya tsaya yana kallona, yana jiran in yaba masa. Biron na nan inda yake. Matar da ta kawo shi ta ce, "Kin gani ko, Likita? Ya ji sarai, raini ne." Na ce mata ta dubi fuskarsa da kyau. Babu raini a wurin. Yaro ne da ya yi imani ya cika umarni. Bakinsa ya riƙe maganar, amma sashen da zai mayar da ita aiki mataki bayan mataki bai riƙe ba. Ta yi shiru, sai hawaye, ta ce shekara uku tana dukansa a kan irin wannan.

Wannan shi ne abin da na fi so ki ɗauka daga amsata. Idan larurar ce, to yawancin abin da ake kira taurin kai a wurin yaronki ba ƙin yi ba ne, kasawa ce. Abin da ke ruɗar manya shi ne yaran nan sukan iya zance, bakinsu ya fi fahimtarsu nisa, kuma yau su iya abu gobe su kasa, sai a ce ai jiya ya yi, da gangan ne. Ba da gangan ba ne; ajiyar tasu ce ba ta da tabbas, wata rana a samu abin a inda aka ajiye, wata rana a rasa. Duka yana aiki ne ga yaron da zai iya haɗa laifin jiya da zafin jiya da shawarar yau. Wannan haɗin shi ne ainihin abin da barasa ta raunana. Don haka bulala ba ta koya masa komai sai tsoronki da ƙin kansa. Ban faɗi haka don ki zargi kanki ba, kin yi abin da kika sani ne. Amma daga yau ki ajiye ta.

Ki riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, gajere, kina kallon idonsa, in ya gama ki ba shi na biyu. Maimakon "ka shirya", ki ce "sa takalmi". Maimakon "ka natsu", ki ce "zauna nan". Ki nuna masa da hannu, kada ki dogara da baki kaɗai. Ranakunsa su zama iri ɗaya gwargwadon iko, lokacin tashi, lokacin cin abinci, lokacin barci, domin abin da kai ya kasa riƙewa, sabo yakan riƙe. Ki zana ko ki manna hotunan ayyukan safe a bango bi da bi, ya riƙa bi da yatsa. In za a canza wani abu, ki gaya masa tun da wuri, ki sake gaya masa. Hayaniya da cunkoso da haske mai yawa suna rikita da yawansu, don haka in kin ga ya fara birkicewa, ki janye shi wuri mai shiru kafin abin ya yi nisa, ba a matsayin horo ba. Wata dabara da masu riƙon irin yaran nan ke amfani da ita: ki raba shekarunsa biyu a zuciyarki idan ana maganar hankali da kula da kai. Ba ma'auni ne na kimiyya ba, amma yana gyara tsammani. Ba za ki aiki ɗan shekara huɗu ya tsallaka titi shi kaɗai ba, ba kuma za ki ji haushi don kin maimaita masa abu sau goma ba.

Abu biyu za su iya ɓata miki rai nan gaba, gara ki san su tun yanzu. Na farko ƙarya. Za ki tambaye shi abin da ya faru, ya ba ki labarin da bai faru ba, ido cikin ido. Sau da yawa ba yaudara yake nufi ba. Ya manta ne, ya ga kina jiran amsa, sai ƙwaƙwalwarsa ta cike gurbin da abin da ta samu. Na biyu ɗaukar kayan mutane. Mallaka abu ne da ba a gani da ido. In mai abu ba ya wurin, a ganinsa abin ba shi da mai shi. Lokaci da kuɗi ma haka suke ba su wahala. Ana koya musu, amma a hankali, da misali a aikace, tare da rage abin da zai jarabce su.

Ki je makarantar da kanki ki zauna da malaminsa. Ba sai kin tona asirin ƙanwarki ba. Ya isa ki ce likita na duba shi kan larurar riƙe karatu. Ki roƙa a zaunar da shi a gaba, nesa da taga, a rage masa yawan aiki a shafi ɗaya, a bar shi ya ɗan motsa tsakanin darussa. Da yawa daga cikin yaran nan basirarsu a gwaji tana cikin ta kowa, kuma sukan yi fice a aikin hannu, zane, kiɗa, wasanni, kula da dabbobi ko ƙananan yara. Sukan kasance masu fara'a da son mutane. Ki nemo abin da yaronki ya iya, ki ba shi fili a kai, domin yaron da kullum ake nuna masa inda ya gaza yana buƙatar wuri ɗaya da zai ji shi ma gwani ne. Magani kuwa, babu wanda ke gyara abin da ya riga ya taɓu. Akwai magungunan da ke taimaka wa rashin natsuwa ko rashin barci, likita ne zai duba ko sun dace da shi, kuma ba kowane yaro suke yi wa aiki ba. Duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai wanke ƙwaƙwalwar, kuɗinki yake so.

Larurar ba ta warkewa, amma makomar yaro ba a rubuce take a kanta ba. Ann Streissguth, masaniyar halayyar ɗan Adam a Seattle, ta bi rayuwar mutum 415 masu wannan larura. A cikin waɗanda suka kai samartaka ko suka girma, wajen 60 cikin 100 karatunsu ya katse, kusan adadin haka kuma sun shiga matsala da hukuma. Waɗannan mutane ne da aka riga aka kai asibiti, don haka adadin ya fi na sauran jama'a nauyi. Abin da ya fi amfani a binciken shi ne abin da ya bambanta waɗanda suka tsira: an gano larurarsu da wuri, kuma sun tashi a gida mai kwanciyar hankali, ba a yi ta yawo da su daga hannu zuwa hannu ba. Na biyun kina ba shi tun yanzu. Na farkon kuma shi ne abin da za ki nema. Idan ya kai samartaka kulawar ba raguwa za ta yi ba, sauya kama za ta yi, domin saurin yarda da mutane yana sa a yi amfani da su a aika su abin da ba su fahimci ƙarshensa ba, kuma su kansu giya da ƙwayoyi sun fi saurin kama su. Wani abin kwantar da hankali: ba gado ba ce. Mace mai wannan larura in ba ta sha giya da ciki ba, ba za ta sa wa ɗanta ita ba.

Na dawo kan ƙanwarki, don yadda za ki tunkare ta shi ne zai yanke ko duk bayanin nan zai yi amfani. Na san akwai haushi a ranki, ke ce kike ɗauke da nauyin abin da ya faru. Amma idan kika je mata da "dubi abin da kika yi wa ɗanki", abin da zai biyo baya na san shi: za ta rufe baki, ta ƙara ɓoyewa, wataƙila ta daina zuwa awon ciki don kada a gane, kuma baƙin cikin ya mayar da ita ga kwalbar. Ban taɓa ganin uwar da ta sha giya da niyyar cutar da ɗanta ba. Na ga waɗanda ba su san suna da ciki ba, da waɗanda aka ce musu kaɗan ba komai, da waɗanda ke sha don su iya barci saboda duka ko damuwa ko wani tsohon ciwo da ba su taɓa gaya wa kowa ba. Mace ba ta shan giya a ɓoye shekara da shekaru haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza. Ni kaina na koyi cewa in na tambayi mace "kina shan giya?" amsar a'a ce. In na ce "kafin ki san kina da ciki, kamar sau nawa a mako kike sha?" sai ta sunkuyar da kai ta fara magana. Ki same ta ku biyu, lokacin da ba ta sha ba. Ki fara da tambayar yadda take, ki saurara fiye da yadda za ki yi magana. Ki gaya mata cewa na cikin nan yana da wata shida da za a iya tsare masa, ki ce za ki raka ta awo, ku gaya wa ungozoma ko likita gaskiyar yawan abin da take sha da ranar da ta sha na ƙarshe. A nan za a tantance ko za ta iya dainawa a gida ko sai an kwantar da ita, a duba damuwar da ke ƙasa, a ba ta magungunan ƙarin jini da na gina jiki.

Idan mijinta yana sha, a jawo shi cikin maganar. Shan uba ba shi ke kawo wannan larura ba, amma da wuya mace ta daina alhali ana buɗe kwalba a gabanta kowane dare. A fitar da giya daga gidan baki ɗaya. A riƙa karanta takardar jikin magungunan ruwa da na ƙarin kuzari da jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kwalba, don wasunsu da barasa ake haɗa su. In ta yi kwana ashirin ba ta sha ba sannan ta zame rana ɗaya, kada a ce komai ya rushe. Kwana ashirin ɗin ɗan ya amfana da su, gobe a ɗora daga nan. Bayan ta haihu kuma kada a saki hannunta, domin lokacin ne da yawa ke komawa. Barasa tana shiga nono daidai da yadda take a jini, kuma uwar da ta sha bai kamata ta kwanta da jariri a shimfiɗa ɗaya ba. A gaya wa likitan jaririn tarihin tun ranar farko, a rubuta a katinsa, don a riƙa bin girmansa da kewayen kansa da lokacin da ya fara zama da tafiya da magana. Kafin a sallame ta daga asibiti, a zauna da ita a kan tazarar haihuwa, ta zaɓi hanyar da za ta iya riƙewa har ta samu kanta.